Na'ura Mai Lura da Hannun Yaro: Shin Ta Cancanci Kuɗin Asusunmu?

Jawabin da ma'ajin kwamitin ilimi ya gabatar a taron iyaye da malamai na ƙungiyarmu, Sabo, Ibadan



Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamanin sarki. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa. Malamanmu na allo da na Islamiyya da na boko, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke zaune can ta hagu. 'Yan'uwana 'yan kasuwa da kuka bar rumfunanku kuka zo. Ina yi muku barka da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Kwamiti ne ya ɗora mini in yi muku bayani a kan wata shawara da matasanmu suka kawo, wato a ciri kuɗi daga asusun ilimi a sayo na'urori masu aiki da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, domin yaranmu masu buƙata ta musamman su riƙa koyon rubutu da su. Kowa ya san ni, wake da gero nake sayarwa a Bodija. To amma tun da makullin asusun yana hannuna, kuma kuɗin gumin jama'a ne, na ce ba za a fitar da ko kwabo ba sai an soka wa buhun ƙarfe an ga abin da ke ciki. Mun zauna da matasan sau da dama, sun karanto sun fassara, mun yi musu tambayoyi har suka gaji da mu. Abin da muka fahimta shi ne zan faɗa muku yau.

Kafin na'ura, bari mu fara da yaran. Su wane ne muke magana a kansu?

Akwai waɗanda lalurarsu a fili take. Yaron da ya sha wuya wajen haihuwa numfashi ya yi jinkirin zuwa, ko shawara ta kama shi yana ɗan kwana uku aka tsaya shanya shi a rana har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka. Irin wannan yaro yakan tashi hannu a sandare ko yana rawa, fensir ma riƙe shi aiki ne. Akwai masu galahanga, da waɗanda fahimtarsu ke tafiya a hankali. Waɗannan kowa ya gan su ya san akwai lalura, ko da yake abin da muka fi yi musu shi ne mu bar su cikin gida, wai kada a yi mana dariya.

Amma akwai wani rukuni da na fi jin tausayi, domin su ba a ma san suna da lalura ba. Yaro lafiyayye, bakinsa rau, ya haddace karatu, ka aike shi Dugbe da saƙo biyar ya dawo bai manta ko ɗaya ba. Da zarar an ce ya ɗauki fensir sai gumi. Baƙaƙensa wani ya hau sama wani ya nutse ƙasa, layi ya karkace, ya danna fensir har takarda ta huje, 'yan ajinsu sun gama kwafe allo shi yana layi na biyu. Masana suna kiran wannan disgirafiya, wato wahalar rubutu. Mu kuwa sunan da muke ba shi daƙiƙi, ko malalaci, maganin da muke ba shi kuma bulala. Na taɓa riƙe wani yaro irin wannan a rumfa. Kafin in gama danna kwakuleta ya faɗi kuɗin kongo goma sha bakwai da ka, bai kuskure ba. Amma in ka ce ya rubuta sunan mai karɓar bashi a littafi, gobe shi kansa ba zai iya karanta abin da ya rubuta ba. Firamare huɗu ya bar makaranta, duka ne ya kore shi.

Wani zai ce, Alhaji, a wannan zamani na waya wa ya damu da rubutun hannu? Ai ko jarrabawar JAMB tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Gaskiya ne. Sai dai kafin yaro ya kai JAMB sai ya yi shekara goma sha biyu yana kwafar darasi da hannu, ana auna shi da abin da ya rubuta a takarda. Bayan haka ma, rubutu ba ado ba ne kawai. A 2012 wata malama mai suna Karin James ta Jami'ar Indiyana a Amurka ta yi gwaji da yara 'yan shekara 5 da ba su iya karatu ba. Wasu baƙaƙe ta sa su rubuta da hannunsu, wasu su bi kan zanen da aka yi musu, wasu kuma su danna a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon baƙaƙen, sai aka ga sassan da manya ke karatu da su sun fi farkawa a kan baƙaƙen da yaro ya rubuta da kansa. Kun ga ke nan hannu yana koya wa ido. Malamanmu na allo sun daɗe da gane wannan, shi ya sa bayan babbaƙu da farfaru ba a barin almajiri sai ya kai ga riƙe alƙalami yana rubuta allonsa da kansa. Ku riƙe wannan gwaji a ranku, domin zai yi mana amfani idan mun zo zaɓen kaya.

To ita na'urar me take yi?

'Yar kwamfuta ce shafaffiya, matasa suna ce mata tabilet, ni dai allo nake ce mata, tana da alƙalaminta na musamman. Bambancinta da malami guda ɗaya ne, amma babba ne. Malami mai yara sittin a aji, abin da yake gani shi ne rubutun da aka riga aka gama. Ita kuwa na'ura tana kallon hannun yayin da yake tafiya. Tana auna nauyin da yaro ya danna alƙalami, da yadda ya kishingiɗar da shi, da saurinsa, da inda ya tsaya ya yi jinkiri, da sau nawa ya ɗaga, da 'yar rawar da ido ba ya gani, da inda ya faro baƙi da inda ya ƙare shi. Kamar dai bambancin wanda ya ga buhu a ɗinke ne da wanda aka auna a gabansa.

Basirar kuma da ake faɗa, kada wani ya ɗauka aljani ne a ciki. An nuna wa na'urar rubutun yara masu yawa, ana gaya mata wannan ƙwararru sun ce lafiya lau, wannan kuma sun ce akwai lalura, har ta kama alamomin da ke raba su. Yadda dillalin shanu a Akinyele, saboda yawan dabbobin da suka bi ta hannunsa, zai kalli tafiyar sa ya gaya maka ba shi da lafiya. Yawan gani ne ya zama sani.

A 2018 masu bincike na babbar makarantar fasaha ta birnin Lozan a ƙasar Suwizalan, tare da likitoci da masana na Faransa, suka buga sakamakon wani gwaji. Yara 298 suka sa a ciki, 56 daga cikinsu an riga an tabbatar suna da wahalar rubutu. Aka shimfiɗa takarda a kan allon na'ura, kowane yaro ya kwafi rubutu na minti 5, na'ura tana auna abubuwa 53 game da tafiyar hannunsa. Ta gano fiye da kashi 96 cikin 100 na masu lalurar, kuma da ƙyar ta ɗora wa mai lafiya lalurar da ba shi da ita. Daga wannan aiki ne aka fitar da manhaja mai suna Dynamilis, wadda ke aiki a kan iPad. Idan ta auna yaro ta ga matsalarsa danna alƙalami ce, sai ta ba shi wasa: jirgin ƙarƙashin ruwa ne, yadda ya danna ko ya sassauta haka jirgin ke nutsewa ko tasowa, shi kuma dole ya wuce da shi ba tare da ya yi karo ba. Yaro yana ganin wasa yake yi, alhali hannunsa ake horarwa. A Faransa ma akwai wata mai suna Kaligo, wadda aka gina da taimakon masu bincike na birnin Ren. Ita tana duba siffar baƙi da inda aka faro shi da jerin zanensa, ta gaya wa yaro nan take, kuma ba ta ƙara masa wuya sai ya ƙware a matakin da yake.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wata dabara da mutanen Lozan ɗin suka yi, suka sa mata suna CoWriter. Sun ɗauko wani ɗan mutum-mutumi mai suna Nao, tsawonsa santimita 58, bai kai cinyar babban mutum ba. Maimakon ya koya wa yaro, sai aka juya abin: shi ne bai iya rubutu ba. Ya rubuta baƙi a karkace, ya roƙi yaro ya gyara masa. Yaro ya rubuta ya nuna masa, shi kuma ya kwaikwaya ya ɗan gyaru kaɗan, ya sake neman taimako. Jama'a, ku duba hikimar. Yaron da kullum shi ne na ƙarshe a aji, shi ake nunawa da baki, yau ga shi ya zama malam, yana da almajiri. Zai rubuta baƙi ɗaya sau ashirin bai ce ya gaji ba, domin a ganinsa ba shi ake gyarawa ba. A 2021 likitocin wani asibiti a birnin Faris suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 10 da ya riga ya ƙi rubutu, an yi ta yi masa magani ba a ci nasara ba. Suka haɗa shi da wannan mutum-mutumi da wasannin allo sau ɗaya a mako har mako 20, ya dawo yana son rubutu, hannunsa kuma ya gyaru sosai. Labari ne mai daɗi, amma yaro ɗaya ne, kuma mu 'yan kasuwa ba ma yi wa tirela kuɗi da buhu ɗaya.

Mutum-mutumi dai ba namu ba ne, ko kusa asusunmu bai kai nan ba. Amma ita dabarar kyauta ce. Uwa a gida tana iya zama ta ce wa ɗanta, zo ka koya mini wannan baƙin, na kasa. Ta rubuta a karkace da gangan ya gyara mata. Iyayenmu mata, wannan ku gwada tun daren yau, ba ya cin batir.

Yanzu bari in zo kan aibin kaya, domin dillalin da ya ɓoye aibi ya ci amana.

Babban aibi shi ne ba don yaranmu aka ƙera su ba. Na'urar da ta koyi aiki a hannun yaran Faransa, rubutun Faransa ta sani, mai haɗe-haɗe, wanda ba shi ake koyarwa a makarantunmu ba. Ku dubi kuma nauyin da ke kan yaron Sabo. Da safe yana boko yana rubuta Turanci daga hagu zuwa dama. A wannan makarantar dai ana koya masa Yarbanci, mai ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe da alamun murya a sama. Da yamma ya zo Islamiyya, hannun ya juya daga dama zuwa hagu. In ya zo rubuta harshen uwarsa kuma ga baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Manhajar da Turanci kaɗai ta sani, yaro ya rubuta ƙ daidai sai ta ce ya ɓata k. Ko ta Larabcin aka samo, sai an duba wane rubutu ta koya. A rubutunmu na allo fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a rubutun gabas da ke littattafan Islamiyya fa'un ɗigo ɗaya ne a sama, ƙafun biyu. Yaron da dama zuciyarsa a karye take, na'ura ta ce masa ya yi kuskure a inda bai yi ba, to an ƙara masa ciwo ne.

Sai kuma santsi. Gilashi ba takarda ba ne, alƙalami zamewa yake yi a kansa. Kun ji ko a gwajin 2018 ɗin ma takarda suka shimfiɗa a kai. Yaro yana iya ƙwarewa a gilashi ya dawo littafi ya rikice, kuma a littafi ake ba da maki. Haka nan yawancin manhajojin kyauta da ke cikin wayoyinmu, masu cewa yaro ya bi ɗigo-ɗigo da yatsa a tafa masa, ba su ne muke magana a kai ba. Ba sa auna nauyin hannu, yatsa kuma ba alƙalami ba ne, sannan ku tuna gwajin malamar nan ta Amurka: bin sawu kaɗai bai kai yaro ya rubuta da kansa ba. Bin sawu farkon tafiya ne, dole a janye shi a hankali.

Tsada kuwa ba sai na faɗa ba. Allo mai alƙalamin da ke jin nauyin hannu kayan waje ne, da dala ake shigo da shi, manhajar kuma yawanci kuɗin wata ko na shekara ake biya. Ga caji, ga data, ga gilashi a hannun yaron da hannunsa ke rawa.

Akwai kuma batun sirri. Duk abin da na'ura ta auna ajiye shi take yi, wani lokaci a wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ce ba a ɗaukar bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. A unguwa irin tamu da kowa ya san kowa, idan magana ta fita cewa 'yar gidan wane na'ura ta ce tana da matsalar ƙwaƙwalwa, wallahi har ranar aurenta sai an tayar da zancen. Saboda haka ba za a sa sunan yaro na gaskiya a ciki ba, lamba za a ba shi, littafin lambobin kuma ya zauna wajen mutum ɗaya.

Na'ura kuma ba likita ba ce. Tana iya cewa hannun yaro yana rawa, ba za ta gaya maka cewa ido ne ba ya gani sosai ba, ko bai karya kumallo ba, ko bencin ne ya yi masa tsawo ƙafafunsa suna lilo. Wani yaron tabarau kawai yake buƙata. Wani fensir ne ya yi wa hannunsa siriri, a naɗa masa tsumma ko roba ya yi kauri shi ke nan. Yaro ɗan ƙasa da shekara 7 da ke juya b ta koma d, wannan abu ne da aka saba gani, kada a tayar da hankali. Bahago kuma ba lalura ba ce, kusan mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya yi shi. Maganar cin abinci da dama fagen malamai ne, ba zan shiga ba, amma a daina dukan yaro don ya riƙe fensir da hagu. Abin mamaki ma, a rubutun Larabci bahago ne ke da sauƙi, domin hannunsa ba ya bi ta kan tawadar da bai bushe ba.

To ga abin da kwamiti ya tsayar, yana neman amincewarku.

Ba za mu fara da saye ba, da ƙidaya za mu fara. Malamai su ba mu sunayen yaran da suka lura rubutu yana yi musu wuya fiye da sa'anninsu, iyaye mata kuma su taimaka da na cikin gida waɗanda ba sa zuwa ko'ina, domin ku kuke shiga inda mu ba ma shiga. Daga nan ƙungiya ta ɗauki nauyin kai su a duba idonsu da kunnensu, masu sandarewar hannu kuma a kai su sashen gashi da motsa gaɓɓai na asibitin koyarwa na UCH, ga shi nan kusa da mu. Kuma mu sani ba alfarma muke roƙo ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba.

Allah ya kuma ajiye mu kusa da rijiya. A garin Oyo akwai kwalejin tarayya ta horar da malaman yara masu buƙata ta musamman, tun 1977 take, Jami'ar Ibadan ma tana da sashen wannan fanni. Shekara nawa muna wucewa ta Oyo da lodin kaya ba mu taɓa tsayawa ba? Za mu rubuta musu takarda mu nemi malami ko ɗalibai masu koyon aiki su riƙa zuwa mana ranar Asabar. Shi wannan malami shi zai zaɓa mana manhaja, ba mai shago ba, kuma sai an gwada ta a gabansa da ƙ da ɗ kafin a biya. In ba ta san su ba, a tsaya da ita kan horon hannu da baƙaƙen Turanci kawai, Larabci da Hausa su zauna hannun malamanmu.

Allo biyu kacal za mu saya, na hannu masu lafiya, su zauna a ofishin ƙungiya inda muke da sola. Kowane yaro minti goma sha biyar, sau uku a mako, da babba a zaune kusa da shi, kuma kowane zama a ƙare shi da fensir da takarda. Ranar farko yaro zai kwafi layi biyar a takarda mu ajiye. Bayan wata uku ya sake kwafar waɗannan layuka, mu shimfiɗa takardun biyu gaban malamin da bai san wacce ce ta farko ba. In an ga bambanci mu ƙaro allo, in ba a gani ba mu sayar da su mu mayar da kuɗin asusu, a ci gaba da malamin Asabar. Yaron da aka tabbatar hannunsa ba zai taɓa riƙe alƙalami ba kuwa, ba za mu azabtar da shi ba, shi ma wannan allon zai koyi dannawa ko ya yi magana ta rubuta masa.

Sharaɗi ɗaya muke roƙon malamai, Allah ya gafarta muku: duk yaron da sunansa ya shiga wannan littafi, a ajiye masa bulala a kan rubutu har tsawon wata ukun nan, domin mu san abin da muke aunawa.

Sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Wanda ke jin nauyin faɗin sunan ɗansa a cikin mutane ya same ni a rumfa, ko ya aiko uwargida wajen shugabar mata kafin ƙarshen wata. Ranka ya daɗe shugaba, na mayar maka da magana domin a ji ra'ayin jama'a a kan allo biyun.